ZAMAN BAƘO A ƘASAR TAILAN

Da wuya a sami wani gida a Nijeriya wanda tukunyarsa ba ta taɓa dafa shinkafar Tailan ba. Shekara da shekaru buhunan shinkafar nan suna sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, har ya zamana in an ambaci sunan ƙasar, abin da ke fara faɗo wa Bahaushe a rai shi ne shinkafa 'yar waje. Amma fa sanin shinkafa daban, sanin masu nomanta daban. A zamanin nan mutanenmu su ma suna takawa har can. Akwai fatake masu sarin tufafi da takalma, akwai dillalan duwatsu masu daraja, akwai marasa lafiya masu neman magani, ga ɗalibai, ga kuma samari masu neman aikin koyar da Turanci ko wasan ƙwallon ƙafa. Waɗansu mako biyu suke yi su juyo, waɗansu kuwa zama ya kama su shekaru. Saboda waɗannan, da kuma masu niyyar bin sawunsu, na ga ya kyautu in bayyana wa masu karatu yadda zaman baƙo yake a tsakanin mutanen nan, domin ƙasa ce mai laushin fuska da tsaurin doka, wanda duk ya ga na farkon ya manta da na biyun kuwa yakan sha mamaki.

ƘASAR DA BA A MALLAKA BA

Tailan tana kudu maso gabashin Asiya, tana iyaka da Miyanma, wadda a da ake kira Bama, da Lawos da Kambodiya da Malesiya. Girmanta ya ɗan ɗara rabin Nijeriya, mutanenta kuwa sun haura miliyan 65. Siyam ake kiranta har zuwa 1939. Babban birninta Bankok, wanda aka kafa shi hedkwatar mulki a 1782 a bakin kogin Chao Phraya, amma su 'yan ƙasa ba su cika kiransa haka ba, Krung Thep suke cewa.

Abin da mutanen ƙasar suka fi alfahari da shi shi ne Turawa ba su taɓa mallakarsu ba. Sa'ad da Ingila ta kama Bama da Malaya, Faransa kuma ta kama Lawos da Kambodiya, sarakunan Siyam, musamman Sarki Chulalongkorn wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, suka yi ta lallaɓa ɓangarorin biyu, suna sallama musu waɗansu yankuna na gefe don su tsira da tsakiya. Baƙo yana ganin alamar wannan tarihi tun ranar da ya sauka. Mu da muka saba cewa duk wanda ya iya Turanci ya iya shiga ofis, sai mu tarar da ƙasar da takardar gwamnati da harshenta take, kotu da harshenta take, kuma ba wanda yake jin kunya don bai ji Turanci ba. Hatta lissafin shekara nasu ne, suna gaba da na Turawa da shekara 543, watau 2025 a wurinsu 2568 ce. Baƙo yakan ɗauki kwalin madara a kanti ya duba ranar lalacewarta, ya tsaya yana juya shi. Agogonsu kuma yana gaba da namu da awa shida, ta yadda sa'ad da ladanin Kano yake kiran Azahar, a Bankok an riga an yi Magariba.

TITI DA ZAFI

Mutumin Sakkwato ko Maiduguri yakan ce wane zafi ne kuma za a nuna masa. To, na Bankok iri ne dabam, domin iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa a jiki, kafin mutum ya taka daga masauki zuwa bakin titi riga ta manne masa. Daga Maris zuwa Mayu abin ya fi tsanani, sa'an nan damina ta kama har zuwa Oktoba. Don haka mutanen ƙasar suke wanka sau biyu ko uku a yini, kuma suna ƙyamar warin jiki ƙwarai, ko da yake ba za su faɗa wa mai shi ba.

A hannun hagu suke tuƙi, kamar yadda muke yi kafin 1972, saboda haka sai mutum ya sake koyon tsallake titi. Cunkoson motoci kuwa ba ya faɗuwa. Shi ya sa aka gina jirgin ƙasa mai bi ta sama a kan ginshiƙai a 1999, da mai bi ta ƙarƙashin ƙasa a 2004, ga kuma jiragen ruwa masu jigila a kogi da magudanan da suka ratsa gari. Akwai keke mai ƙafa uku da suke kira tuk-tuk, ɗan'uwan A Daidaita Sahu, akwai kuma 'yan acaɓa, kowanne da 'yar shara ruwan goro mai lamba a baya, kowace unguwa da tasharta. Abin da ya fi ɗaure mini kai a titin Bankok shi ne shiru. Motoci ɗaruruwa a tsaye, rana tana duka, amma sai a daɗe ba a ji an danna ham ba. Direba ya shiga gaban wani, wanda aka shiga gabansa ya rage gudu ya ba shi hanya, ba zagi, ba daƙuwa. A wurinsu danna wa mutum ham da ƙarfi tamkar yi masa tsawa ne a gaban jama'a, tsawa a gaban jama'a kuwa babban al'amari ne, kamar yadda za mu gani.

LABARIN ZUCIYA

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya tafi Tailan da wannan karin magana zai yi ɓatan kai, domin murmushi ɗaya ne yake ɗauke da ma'anoni barkatai. Mutum yana murna ya yi murmushi, ya ji kunya ya yi murmushi, bai fahimci abin da aka ce ba ya yi murmushi, an ɓata masa rai ma ya yi murmushi. Tun suna yara ake koya musu abin da suke kira jai yen, watau sanyin zuciya, ana kuma hana su jai ron, watau zafin zuciya. Wanda ya ɗaga murya, ko da shi ne mai gaskiya, a idonsu ya zubar da girmansa, ya kuma zubar da na wanda ya yi wa.

Na ga misalin wannan a kasuwar Pratunam, inda fataken Afirka suke sarin tufafi. Wani ɗan kasuwa daga yankinmu na Afirka ta Yamma ya ba da kafin alƙalami a kan riguna masu yawa, aka ce masa ya dawo washegari. Ya dawo, kaya ba su haɗu ba, ga shi kuwa jirginsa ya kusa. Sai ya shiga faɗa irin wanda in a Kantin Kwari ne ba wanda zai ɗauke shi komai, a yi hayaniya a shirya, a ƙare da raha. Yarinyar shagon ta sunkuyar da kai tana murmushi. Yana ƙara murya tana ƙara murmushi, shi kuwa ya ɗauka raini ne, ya ƙara harzuƙa. Can sai mai shagon ta fito, ta ƙirgo kuɗinsa ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce kaya sun ƙare. Maƙwabtanta na layin duk suna kallo, da ya matsa gaba kuma bai sami wanda ya yi marmarin ciniki da shi ba.

Abin da ya faru a nan yana da suna a harshensu, kreng jai, wanda in za a fassara shi da Hausa babu kalmar da ta fi kara dacewa. Yarinyar ta san tun jiya kayan ba za su haɗu ba, amma ta ji nauyin ta ce wa baƙo a'a a fuskarsa. Haka ma'aikaci yake jin nauyin gaya wa maigidansa cewa umarninsa ba zai yiwu ba, haka ɗalibi yake jin nauyin ce wa malami bai gane ba. Baƙin da suka daɗe sun koyi cewa in ana son gaskiyar magana ba a tambayar mutum a gaban jama'a, kuma ba a yi masa tambayar da amsarta i ko a'a ce. Jan shi gefe ake yi, a tambaye shi yaushe yake ganin abin zai yiwu, a bar masa ƙofar fita. In kuskure ya auku, abin da za a ji a bakin kowa shi ne mai pen rai, watau ba komai, a rufe maganar a wuce.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan lallashi ne kawai na baki. Ɓata sunan mutum ko na kamfani laifi ne da ake ɗauri a kansa a ƙasar. A 2020 an tsare wani Ba'amurke kwana biyu saboda kushe wani otal da ya yi a intanet, bai kuwa kuɓuta daga shari'ar ba sai da ya nemi gafara a rubuce. Baki shi ke yanka wuya.

Daga wannan tarbiyya kuma wata kyakkyawar ɗabi'a take fitowa, wadda suke kira nam jai, ruwan zuciya, watau alheri ba don a biya ba. Duniya ta shaida shi a 2018, sa'ad da ruwa ya rutsa da yara 12 'yan ƙwallo da mai koyar da su a cikin kogon Tham Luang a arewacin ƙasar. Ruwan da aka yi ta zuƙewa daga kogon ya malale gonakin shinkafar manoman wurin, manoman suka ce ba komai muddin yaran za su fito. Mata suka kafa tukwane suna ciyar da masu aikin ceto kyauta, har da waɗanda suka ɗauki nauyin dafa wa Musulmin cikinsu abincin halal. A zaman yau da kullum ma haka ne. Baƙo ya ɓata hanya, sai mai sayar da 'ya'yan itace ta bar teburinta ta raka shi har kwana.

KAI DA ƘAFA

Gaisuwarsu ita ce wai. Mutum yakan haɗa tafukansa biyu a ƙirji ya ɗan sunkuyar da kai, ƙarami ne yake fara yi wa babba, kuma gwargwadon girman wanda ake gaisarwa gwargwadon yadda hannu yake ɗagawa sama. Babba ba ya fara yi wa yaro. Kowa yana son ya san shekarun abokin zamansa, don haka kada baƙo ya ji haushi in an tambaye shi shekarunsa tun ganin farko, so ake a san wurin da za a ajiye shi. Wanda ya girme ka phi ne, watau yaya, wanda ka girma nong ne, watau ƙane ko ƙanwa. Dattijo mai gadi kawu ake ce masa, tsohuwa mai abinci gwaggo, ko da ba a haɗa dangi ba. Bahaushen da ya tashi yana cewa Baba da Inna da Yaya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kai shi ne mafi daraja a jikin mutum, ƙafa kuwa mafi ƙasƙanci. Ba a dafa kan babba ko da wasa. Ba a nuna mutum ko kaya da ƙafa, ba a ɗora ƙafa a kan tebur, ba a tsallake wanda ke zaune ko kwance, kuma wanda zai gifta ta gaban manya yakan ranƙwafa. Ana tuɓe takalmi a ƙofar gida da ɗakin bauta, har da waɗansu shaguna da ƙananan asibitoci. Tarin takalma a bakin ƙofa shi ne alama.

Harshensu yana da baƙaƙe 44, kuma da karin murya ake rarrabe ma'ana, karin har kashi biyar. Kalmar maa tana iya zama zo, ko doki, ko kare. Kalmar suai da karin da ke hawa kyakkyawa ke nan, in aka faɗe ta a miƙe kuwa ta koma rashin sa'a. Turawa suna shan wuya a nan, amma mu da muke rarrabe kukan yaro da kukar miya, da garin Kano da garin tuwo, kunnenmu ya riga ya horu. Namiji yakan rufe maganarsa da khrap, mace da kha, don ladabi, kuma baƙon da ya riƙe wannan kaɗai ya sami rabin karɓuwa. Kowa yana da laƙabi gajere da aka fi saninsa da shi, kamar Tsuntsu ko Ƙarami ko Ja, har da mai suna Alade, kuma ba ya jin komai.

ABINCI DA ADDINI

In sun haɗu ba su tambayar gajiya ko iyali. Cewa suke yi, ka ci shinkafa ko tukuna? Cin abinci da cin shinkafa kalma ɗaya ce a bakinsu. Da cokali suke ci, mai yatsu kuwa turawa kawai yake yi, a arewa da arewa maso gabas kuma akwai shinkafa mai danƙo wadda ake dunƙulawa da hannu kamar tuwo. Ba a cika girki a gida ba a birni, domin abincin bakin titi yana da araha, dare da rana. Barkononsu ƙanana ne amma ba su da sauƙi, ana daka su da ɗanyar gwanda da lemun tsami da ruwan kifi mai gishiri a yi wani kwaɗo da suke kira som tam. Bahaushe zai yi murnar ganin 'yan gida a kasuwa: tsamiya, da zoɓo da ake sayarwa da ƙanƙara, da zogale, da rogo, da soyayyar fara. Akwai kuma durian, ɗan itace mai ƙaya, mai daɗi a bakin masu sonsa, mai warin da ya sa aka hana shiga da shi jirgin ƙasa da otal-otal da yawa.

Wuyar da Musulmi yake sha ita ce naman alade, domin yana shiga miya da romo da man suya, har abincin da aka ce na kaza ne ko na ganye. Cewa kada a sa alade ba ya wadatarwa, tun da tukunya ɗaya ce. Mafita ita ce a nemi mai abinci mai lulluɓi, ko alamar wata da tauraro, ko tambarin halal na Majalisar Musulunci ta ƙasar wanda ake bugawa a jikin kayan kanti. A wurin Musulmi ake samun shinkafa dafa-duka da kaza mai kurkum, da miyar massaman, da gurasar roti.

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne. Da asuba 'yan zuhudunsu suke fitowa a jere, kai a aske, ƙafa ba takalmi, sanye da mayafi ruwan goro, kowanne da ƙwaryarsa. Ba su roƙo, ba su kuma godiya, domin a aƙidarsu mai bayarwa ne yake samun lada. Mace ba ta taɓa su, ba ta zama kusa da su a mota. Samari da yawa sukan shiga wannan zuhudu na 'yan makonni ko watanni sa'an nan su koma harkokinsu. A ƙofar gidaje da bankuna da manyan kantuna akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki a kan ginshiƙi wanda suka ce na iskokin wurin ne, ana ajiye masa furanni da turare da jan lemun kwalba. Gawa kuwa ƙonawa suke yi. Duk waɗannan abubuwa ne da ke girgiza baƙo Musulmi, abin da ya kamace shi kuwa shi ne ya riƙe addininsa ya kame bakinsa, kamar yadda Musulmin ƙasar suke zaune da maƙwabtansu.

Musulmi wajen kashi biyar ne cikin ɗari, kuma su ne masu rinjaye a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat da Satun a can kudu. Ukun farko suna fama da tashin hankali tun 2004, wanda ya ci dubban rayuka. Akwai Shaihul Islam na ƙasa wanda sarki yake naɗawa, masallatan Bankok kuwa sun haura ɗari. Juma'a ranar aiki ce, amma wanda ya je daɗaɗɗen masallacin Haroon da ke unguwar Bang Rak zai ga sahu ya haɗa 'yan ƙasa da Indiyawa da Larabawa da mutanen Gini da Mali da Nijeriya, yawancinsu dillalan duwatsu, domin Bankok da garin Chanthaburi manyan kasuwannin duwatsu ne na duniya, har shuɗin dutsen da ake haƙowa a tsaunin Mambila yana ƙarewa can. Bayan sallama lungun masallacin yakan cika da masu abinci, nan ne baƙo yake jin kamar ya dawo gida. Wani sauƙi kuma, kusan kowane bayan gida yana da 'yar tiyo ta ruwa, ba sai an yi yawo da buta ba.

Akwai layin Larabawa a unguwar Nana, mai gidajen abincin halal da shagunan turare, inda marasa lafiya da masu jinyarsu suke sauka. Taku kaɗan daga nan kuma gidajen giya ne da na rawa. 'Yan daudu suna aiki a banki da kanti ba mai waiwayarsu, tun Janairun 2025 ma doka ta amince da auren jinsi ɗaya. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu ake bikin sabuwar shekararsu, Songkran, inda ake watsa wa duk mai wucewa ruwa, babba da yaro, baƙo da ɗan gari. Wanda ba ya so sai ya zauna a ɗaki, wanda ya fita kuwa ya ƙulle fasfo da wayarsa a leda, ya bar fushi a gida.

SARKI DA DOKA

Kullum da ƙarfe takwas na safe da shida na yamma ake sa taken ƙasa a tashoshi da makarantu da wuraren shan iska. Na ga lambun Lumphini cike da masu guje-guje, take yana tashi kowa ya ƙame inda yake kamar an dasa shi, yana ƙarewa aka ci gaba. Tun 1932 aka daina mulkin sarki shi kaɗai, amma sarauta tana nan da kwarjininta. Sarki Bhumibol ya shekara 70 a gadon mulki, daga 1946 zuwa 2016, ɗansa Vajiralongkorn ya gaje shi. Sashe na 112 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara uku zuwa 15 a kan kowace magana ta ɓatanci ga sarki ko sarauniya ko magaji, baƙo da ɗan ƙasa duk ɗaya, a baki ko a Facebook. Mu da muka saba tattauna shugabanni a teburin mai shayi sai mu kiyaye. Ko kuɗi ne ya faɗi iska tana jansa ba a take shi da ƙafa, domin hoton sarki yana jiki.

Dokar baƙi ma ba ta da wasa. Mai dogon zama sai ya sanar da ofishin shige da fice inda yake duk bayan kwana 90, mai masauki kuma ya ba da rahoton baƙonsa cikin awa 24. Wanda bizarsa ta ƙare ana cinsa tarar bat 500 kowace rana har zuwa bat 20,000, in abin ya yi tsawo a hana shi shiga ƙasar shekaru. Ba a aiki sai da takardar izini, kuma akwai sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa, kamar aski da talla da yi wa masu yawon buɗe ido jagora. Baƙo ba ya mallakar fili. A wuraren shaƙatawa na gwamnati kuɗin shigarsa ya ninka na ɗan ƙasa.

Sai kuma maganar da ba ta da daɗi amma tilas a faɗe ta. Mutanen nan suna son farar fata, tallan man bilicin ya cika gari, kuma Bature, wanda suke kira farang, ya fi baƙar fata samun sauƙi wajen neman gidan haya ko aikin koyarwa. Ɗan Afirka yakan tsai da tasi ta wuce shi, 'yan sanda kuma sukan tare shi su nemi fasfo. Wani ɓangare na wannan jahilci ne, wani kuwa mu muka jawo. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, balle da yawa. A 2003 an maido ɗaruruwan fursunoni 'yan Nijeriya daga gidajen yarin Tailan don su ƙarasa wa'adinsu a gida, akasarinsu a kan fataucin miyagun ƙwayoyi, laifin da hukuncinsa yake kaiwa har ga kisa a dokar ƙasar. Saboda irin wannan tarihi ne ake neman ɗan Nijeriya ya kawo takardar wankewa daga hukumarmu ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi kafin a ba shi biza. Kada wanda ya karɓi saƙon da bai ga cikinsa ba, ko na wane ne.

Wani sabon tarko kuma ya ɓullo. Ana yaudarar matasa da alkawarin aikin kwamfuta mai albashi mai tsoka a Bankok, in sun sauka a kwashe su a mota zuwa garin Mae Sot na bakin iyaka, a tsallaka da su kogi zuwa Miyanma, a ƙwace fasfo, a tilasta musu damfarar mutane ta intanet. A Fabrairun 2025 an kuɓutar da ɗaruruwan irin waɗannan aka miƙa su ga hukumomin Tailan, cikinsu har da 'yan Afirka da yawa. Iyaye su lura, duk aikin da aka ce an biya wa yaro kuɗin jirgi amma ba a nuna masa takardar izinin aiki ba, a bincika shi a ofishin jakadanci tukuna.

GUZURIN MAI TAFIYA

Baƙin da suka ji daɗin zama a Tailan, a iyakar abin da na lura, su ne waɗanda suka rage murya, suka koyi kalmomi kaɗan na ladabi, suka tsare takardunsu, suka kuma gane cewa wanda bai ce a'a ba ba lalle ya ce i ba. Abin sha'awa, yawancin wannan ba sabon karatu ba ne a wurinmu. Kunya da kara da haƙuri da girmama na gaba da tuɓe takalmi a ƙofar manya, duk da su aka rene mu, sai dai hayaniyar birni da gaggawar neman kuɗi sun sa muna sakinsu. Mu ne muka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, su kuwa mutanen Tailan sun mai da ita dokar zama. Wanda zai tafi ya ɗauki tarbiyyar gidansu ya sa a jaka kafin ya ɗauki dala, ya kuma tuna cewa duk abin da ya yi a can, da sunan Nijeriya za a rubuta shi, na bayansa ne za su biya ko su ci riba. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su da mutuncinsu, amin.